Malam Daidai da Sa'an Auta

A layinsu babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Matasa Injiniya suke cewa, tsofaffin abokan aikinsa kuwa Daidai, kuma sunan ya zauna masa kamar an gwada. Mutum ne da in ka ce masa ƙarfe huɗu ta yi, sai ya ɗaga hannu ya dubi agogo ya ce maka da saura. A gidan rediyo ya ƙare ƙuruciyarsa, amma ba cikin masu magana ba. Shi yana can bayan gari, a ɗakin injinan da ke tura murya sama, inda ba ka jin komai sai gurnanin fanka. Aikinsa guda ne: kada tashar ta goce daga inda aka san ta. In wata tsohuwa ta murɗa rediyonta ta bar allura a wuri ɗaya, to gobe ma ta tarar da su a nan.

Abin da ke riƙe tasha a wurinta wata 'yar na'ura ce da ma'aikatan ke kira osileta. A cikinta akwai ɗan siririn dutsen kiristal, bai kai farce ba, wanda in aka ba shi wuta sai ya kama rawa, rawar da ido ba ya gani, sau miliyan goma a sakan ɗaya. Aibinsa ɗaya, ɗan gata ne. Zafi ya ƙaru ya canza taku, sanyi ya shigo ya canza taku. Shi ya sa ake yi masa ɗan akwatin ɗumi, a lulluɓe shi, a sa masa 'yar wayar da za ta riƙe shi a kan zafi ɗaya dare da rana. Gwanintar mai haɗawa ita ce, duk abin da duniya za ta yi a waje, na ciki kada ya ji labari.

Da suka yi ritaya kowa ya kama gabansa. Wani ya sayi kaji, wani ya koma rainon jikoki. Shi kuwa Daidai sai ya share ɗakin ajiya na bayan kicin, ya fitar da tsofaffin katifu da wani keken ɗinki da ya daɗe da mutuwa, ya kafa tebur a jikin bango, ya ce zai haɗa osiletar da ba a taɓa haɗa irinta a gida ba. Ba don sayarwa ba, ba kuma wani ne ya sa shi ba. In an tambaye shi amfaninta sai ya ce, "Kai da kake ta kallon ƙwallo, wa ya tambaye ka amfaninta?"

A kan teburin akwai wata tsohuwar na'urar ƙirga mai nauyin buhun siminti, wadda ya samo lokacin da gidan rediyon ya yi gwanjon tsofaffin kaya. Alƙali yake ce mata. Ka jona masa osileta ta gaba, sai ya ƙirga rawarta a cikin sakan ɗaya, ya nuna da jajayen lambobi. In komai lafiya, za ka ga ɗaya da dogon jerin sifili. In da motsi, lambobin ƙarshe su ne masu tona asiri. Shi ma Alƙalin yana da nasa ɗan kiristal a ciki, da shi yake sanin tsawon sakan. A bayansa kuma akwai wata kafa, inda in kana da wanda ya fi nasa kyau za ka iya jona masa ya yi aiki da shi.

Yadda Daidai ke gwaji kuwa, kayan kicin ne suka sha wahala. Babbar kular da uwargida ke zuba wa baƙi abinci ya ɗauke, ya huda murfinta, ya zura wayoyi da ma'aunin zafi. Sai ya sa akwatinsa a ciki, ya jera masa gorunan ruwan zafi a gefe, ya rufe, ya zauna yana kallon Alƙali. In ya gama ya kwashe su ya zuba na ƙanƙara.

"Injiniya," in ji uwargida ranar da ta ga murfin, domin sai za ta zolaye shi take kiransa haka, "kulata ka huda?"

"Ɗan ƙaramin rami ne, Hajiya."

"To madalla. Daga yau ka dinga cin abincinka da sanyi, sai ka sa wannan tsinken naka ka auna."

Wadda ta fi kowa murna da aikin ita ce kyanwar gidan, wata fara mai baƙin kunne. Akwatin kullum da ɗumi, sai ta mai da shi gadonta. Tun yana kora har ya haƙura.

Daidai mutum ne mai tsari. Ba ya son ganin waya a warwatse, don haka duk wayoyin da ke fita daga akwatin ya haɗa su wuri ɗaya ya naɗe da baƙin salatif, suka zama igiya guda mai kauri da ke sauka ta bayan tebur. Yana tsakiyar aikin aka ce sai an cire masa yana a ido. Ya yi watanni bai shiga ɗakin ba. Da ya warke ya dawo ya ƙarasa, ranar da ya fara gwadawa ya ji daɗin da bai ji ba ko a ranar da aka ƙara masa girma. Ruwan zafi, lambobi ko gezau. Ƙanƙara, ko gezau. Ɗaya da jerin sifili, kamar an zana su da fenti.

To, yana da aboki, Sannu. Sun yi shekaru suna karɓar aiki daga hannun juna, Daidai ne babba a gare shi a shekaru da a muƙami. Sunan Sannu ma ya dace da mai shi: a hankali yake magana, a hankali yake ci, ko fushi zai yi sai ya kwana biyu yana shiri. Shi ma yana da nasa akwatin, in dai za a kira shi akwati. Babban gwangwanin madara ne, cushe da tsumman bargo, da 'yar koriyar fitila a gaba. A makon da aka haifi autarsa ya kunna shi, shi ya sa a gidan ake kiransa Sa'an Auta. Yanzu Auta ta kusa gama jami'a, kuma tun daga ranar ba a taɓa kashe shi ba.

Ba rigima ce ta sa ba. Masu wannan sana'a sun san kiristal kamar baƙo ne a gida: yana daɗewa a kunne yana ƙara natsuwa, yana barin 'yan guje-gujensa, har ya zauna daram. Ka kashe shi ya huce, sai ya rikice, ya koma neman wurin zama. Don haka Sannu ya haɗa masa batir na mota saboda ɗaukewar wuta. Da suka tashi daga gidan haya, a bayan babbar mota ya zauna, gwangwani a cinya, batir a tsakanin ƙafafu, ya bar matarsa da fasassun kwanuka da mita. Ba shi da Alƙali irin na Daidai. Da kunne yake gwada nasa, yana haɗa shi da wani sauti da wata tasha mai nisa ke sakewa, kuma bai taɓa cewa komai a kansa ba sai "yana nan dai".

Kullum da yamma suna haɗuwa a ƙofar shagon Mai Agogo, wani ɗan tsamurmurin dattijo mai tabarau a goshi da son haɗa mutane gardama. Tun da Daidai ya gama akwatinsa ba a sake yin wata hira a bencin nan ba. Ya faɗa, ya maimaita, ya ƙara gishiri. Ya ce ko turawan da suka ƙera injinan tasharsu ba su kai nan ba.

"To baki dai kowa yana da shi," in ji Mai Agogo. "Ga Sannu da gwangwaninsa. A kawo su gaban Alƙalin nan naka mu gani."

Sannu ya ce shi ba gasa yake ba. Amma daga baya ya ce dama ya daɗe yana son ya ga nasa a lamba, ba a kunne kaɗai ba.

Da hantsi suka zo. Sannu ya sauko daga motar haya yana rungume da gwangwani, Mai Agogo na biye da batir yana nishi yana cewa a yi a hankali kada waya ta tsinke a ce shi ne. Uwargida ta kawo shayi ta tsaya a bakin ƙofa.

Na mai gida aka fara sawa a kula. Ruwan zafi, ma'auni ya hau, lambobi suna nan. Aka kwashe aka zuba ƙanƙara, ma'auni ya sauka, lambobi suna nan. Mai Agogo ya sauko da tabaransa ya matsa kusa.

"Anya ba lalacewa ya yi ba?"

"Ai haka ake cewa in an ga abin da ba a saba gani ba," in ji Daidai.

Ya fito da nasa yana raɓa saboda sanyi, ya ajiye a gefen tebur da igiyarsa, aka lallaɓa na Sannu aka sa, aka jona shi ta gaba. Tun ba a rufe murfi ba lambobi suka watse. Ba su ma tsaya kusa da inda ya kamata ba, kuma sai tafiya suke, wannan ta ture wannan.

A nan ne Daidai ya yi abin da ya fi komai ci masa rai daga baya. Da ya yi shiru da ya wadatar. Amma kansa ya riga ya kumbura.

"Sannu, wannan ai ba osileta ba ce, mashayi ne ke neman hanyar gida."

Mai Agogo ya kece da dariya.

"Shekara da shekaru kana ciyar da shi wuta, ka hana iyalinka sakat, ashe gwangwanin madara kake raino. Da madarar ka bari a ciki da ta fi amfani."

Dariyar Mai Agogo ta rage. Uwargida ta ɗauki farantinta ta koma ciki. Sannu ya daɗe yana kallon lambobin, hannunsa a kan murfin kula.

"Ko hanya ce ta girgiza shi, Malam?"

"Wace hanya? Ko daga kan bene ka jefo shi bai kai haka ba."

Sannu ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi musu ba, domin tun suna aiki bai taɓa kama Daidai da kuskuren lamba ba. Ya ce, "To kunnena ne ya tsufa ke nan. In ka samu sarari ka zana min yadda ka yi naka. Sai in kashe wannan in buɗe shi, in sake daga farko."

"Da tuni ka yi," in ji Daidai.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, uwargida ta shigo ɗakin riƙe da rigarsa tana kakkaɓewa.

"Malam, ka yi wa kyanwarka magana. Ta mai da kwandon wankakkun kaya gadonta, dubi gashi. Korar ta ka yi daga nan?"

"Ni ban kore ta ba."

"To ta daina hawa akwatin nan tun kafin baƙinka su zo. Na ɗauka kashe shi ka yi."

Ta fita. Daidai ya kai bayan hannunsa ya taɓa akwatin. Sanyi ƙalau, kamar ƙofar ƙarfe. Wayar ɗumi ta mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe, shi kuma ɗoki da gorunan zafi da na sanyi sun hana shi lura. Ya ɗaga ido ya dubi Alƙali. Ɗaya da jerin sifili.

Kiristal a cikin akwati mai sanyi ba zai taɓa ba da wannan lambar ba, ko ɗan koyo ya san haka. Ya ja tebur daga jikin bango, ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa cikin yanar gizo, ya bi igiyar nan ta salatif da yatsa. Waya ɗaya ta tafi wajen wuta. Ɗaya ta zagayo gaban Alƙali. Ta uku kuwa, siririya, ta lallaɓa ta shige kafar nan ta baya.

Sai ya tuna. Kafin aikin ido ya ga kiristal ɗin Alƙali ya tsufa, sai ya ce bari ya ara masa na sabon akwatin na ɗan lokaci don ya duba wani abu. Daga nan aka kwantar da shi, ya dawo da sabon ido da tsohuwar mantuwa.

Ashe duk tsawon lokacin nan Alƙali akwatin Daidai yake tambaya tsawon sakan, sannan ya ƙirga rawar akwatin Daidai a cikin sakan ɗin. In ya yi sauri sakan ya gajarce, in ya yi nawa sakan ya miƙe, lissafi kullum ya fito cif. Kamar mutum ne ya auna hannunsa da hannunsa, ya fito yana shela cewa kamu ɗaya ne babu ragi. Ko a wuta ka jefa akwatin, sifilin nan za ka gani har ya ƙone.

Yana nan durƙushe sauran lissafin ya iso masa, wanda ya fi ɗaci. Ranar gwaji, lokacin da aka sa na Sannu, nasa yana gefen tebur, ba ɗumi, ya fito daga ƙanƙara yana ta sauya taku, kuma shi ne ke ba Alƙali sakan. Tangaɗin da suka gani ba na gwangwani ba ne. Mashayin nasa ne.

Ya zare wayar, ya mai da Alƙali kan nasa kiristal. Lambobi suka watse kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Ya kashe shi don kada ya ci gaba da gani.

Uwargida ta same shi zaune a ƙasa, yanar gizo a hularsa, 'yar waya a hannu. Ya yi mata bayani a gajarce, ba tare da ya dube ta ba. Ba ta fahimci zancen sakan ba, amma ta fahimci sauran.

"Wato nasa ba shi da laifi."

"Ba shi da."

"To ai sai ka tashi ka je."

"Zan je."

Bai je ba. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa mutane lokaci, yanzu ya tsaya a gaban Sannu ya ce ya auna abu da kansa? Kuma Mai Agogo ya ji? Wannan labari ba zai kwana ba sai ya zaga duk tsofaffin ma'aikata, har waɗanda ya taɓa yi wa faɗa a kan ƙaramin kuskure. Da ya tuna maganar madara sai ya ji kunnuwansa na zafi, kamar yanzu yake faɗa.

Sai ya yi wa kansa dabara. Ai Sannu ya ce sai ya samu zane zai kashe gwangwanin. To in babu zane babu kashewa. Shi kuma a tsakani zai gyara wayar ɗumi, wataƙila akwatin nasa ya fito da kyau ko yaya, in ya je da magana ya je da ɗan abin rufe fuska.

Da yamma Sannu ya kira a waya.

"Malam, ya zancen zanen nan?"

"Idon nan ne ya ɗan tayar min. Ka ba ni kwana biyu."

"Ayya. Allah ya sawwaƙe. Kada ka takura kanka."

Ya daina zuwa benci. Ya gyara wayar ɗumi, kyanwa ta dawo gadonta, amma bai samu abin da yake nema ba. Lambobi na motsi, kuma ba shi da hanyar sanin ko nasa ne ke motsi ko tsohon kiristal ɗin Alƙali. Sai da abin da ya fi su duka natsuwa za a raba gardamar, kuma a duk inda ya sani abu ɗaya ne haka: gwangwanin madara. Sannu ya sake kira, ya sake cewa ido. Uwargida ta daina yi masa magana a kai. Sai dai in ta ajiye masa abinci ta ɗan tsaya, shi kuma ya ƙura wa kwano ido.

Ana haka Mai Agogo ya zo duba shi da rana tsaka. Ya zauna ya leƙa idon ya ce shi dai bai ga ja ba.

"Mutuminka ma jiya ya zo ya ari ƙananan sukudirebobina," in ji shi yana kurɓar ruwa. "Ya ce ya gaji da jira, zai buɗe ya duba da kansa. Ya ce wataƙila zanen sirrinka ne, bai kamata ma ya roƙa ba tun farko."

Daidai bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ɗauki 'yar wayar ya cusa a aljihu, ya bar baƙo da kofi a hannu. Uwargida ce ta bi shi da hula har ƙofa.

A gidan Sannu Auta ce ta buɗe masa, ta zo hutu. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, gara da ka zo. Yau gidan nan kamar an yi rashi. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin fitilar nan a kashe ba."

Ya bi ta ɗan lungun da ya sani, ya wuce igiyar shanya, ya yi sallama a ƙofar ɗakin.

Sannu na zaune a kan tabarma, gwangwani a gabansa. Batir na gefe, wayoyinsa a cire. An kwance murfi, ƙananan kusoshi na cikin wani ɗan faranti, an ciro tsumman bargo kamar rabi. Koriyar fitila ta zama baƙin ƙwalba kawai.

"Malam, da idon ka fito? Shigo. Bayan karin kumallo na cire shi. Tun ɗazu nake zaune, hannuna ya ƙi ƙarasawa. Ka ga tsufa."

Daidai bai zauna a kujerar da aka nuna masa ba. Ya durƙusa a bakin tabarma, ya ciro wayar ya ajiye a tsakaninsu.

"Kada ka ƙarasa. Wannan na samu a bayan Alƙali. Daga akwatina ta fito."

Ba sai an yi wa Sannu dogon bayani ba. Ya ɗauki wayar, ya dubi wannan bakin, ya dubi wancan. Daidai yana ganin lokacin da abin ya shige shi, a hankali, kamar yadda komai ke shigarsa.

"Da kansa yake auna kansa."

"Da kansa. Kuma wayar ɗuminsa a mace take ranar. Duk abin da muka gani nawa ne. Naka bai motsa ba, ko in ce ban san ya motsa ba."

Sannu ya ajiye wayar. Bai yi dariya ba, bai kuma ɗaure fuska ba.

"Yaushe ka gani?"

Kalmar "yau" ta zo har bakin Daidai. Babu mai ƙaryata shi. Ya haɗiye ta.

"Ranar da ka fara kira na. Da safenta."

"Ranar da ka ce ido."

"Idon lafiyarsa ƙalau."

Ana jin Auta a tsakar gida tana wanke kofuna. Daidai ya ji da ma Sannu ya zage shi, ya tuna masa maganar madara, ya kore shi. Da duk sun fi masa sauƙi.

"Kuskuren waya kowa na yi," in ji Sannu daga ƙarshe. "Ni ma na taɓa yin wanda ya fi wannan. Amma da jiya ka zo, Malam."

Daidai ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma.

Sannu ya zura hannu cikin sauran tsumman, ya bar shi can ɗan lokaci.

"Da ɗan sauran ɗumi a can ƙasa. Miƙo min bargon nan."

Suka mai da tsumman yadda yake, Sannu na cusawa, Daidai na miƙawa. Da aka zo ɗaura kusoshi ɗaya ta kuɓuce wa Daidai ta faɗi, ya bi ta da rarrafe ƙarƙashin gado. Sannu bai ce ya bari ba. Ya jira har ya samo ta. Sannan ya ɗauki wayoyin batir ya maƙala, ja a wurin ja, baƙi a wurin baƙi. Fitila ta kawo.

"Zai koma?" in ji Daidai, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Zai koma kusa. Wata nawa zai ɗauka, ban sani ba. Amma inda yake zaune da, ya tashi daga nan."

"Zan kawo maka Alƙalin. Ya zauna a nan, mu dinga bin sa har ya natsu."

"Ka kawo. Da kular Hajiya, in ta yarda. Amma a tsakiyar ɗaki za mu ajiye shi, ba a jikin bango ba, yadda kowa zai iya zagayawa."

"Na ji."

"Sai kuma wajen Mai Agogo."

"Ni zan faɗa."

"Da irin muryar ranar nan," in ji Sannu. "Kada a ce ba a ji ba."

"Da irinta."

Auta ta yi sallama ta shigo da shayi. Tana ganin koren haske ta tsaya da farantin a hannu, fuskarta ta washe.

"Au, an mai da sa'ana?"

"An mai da shi," in ji mahaifinta yana karɓar kofi. "Sai dai yanzu kin girme shi."

Ta yi dariya, ba ta san kan zancen ba, ta miƙa wa Daidai nasa da hannu biyu. Ya karɓa ya yi godiya. Shayin ya huce a hannunsa bai kai shi baki ba, idonsa na kan 'yar fitilar.